Rezar Sumul da Ƙeyar Mai Faci

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a unguwar, har matarsa ma sai ta ɗan yi tunani kafin ta lalubo shi. Kowa Sumul yake ce masa. Dalili kuwa, in ya gama yi wa mutum aski sai ya shafa ƙeyar da bayan hannunsa, ya ja da baya kamar mai taya sabuwar mota, ya ce, "Sumul." Ko da kan naka ya fi titin bayan kasuwa ramuka, kalmar da za ka ji ke nan, kuma ka fita kana taku ɗai-ɗai kamar an ƙara maka girma a wurin aiki.

Shagonsa ɗan tsukuku ne, a matse tsakanin shagon tela da rumfar masu cajin waya. Kujeru biyu, dogon madubi mai tsaga a kusurwa, bencin jira da ya sha gogar wanduna har yana ƙyalli, sai fanka a sama tana juyawa kamar an yi mata dole. Kujerar bakin ƙofa, inda haske da iska suke, ta Sumul ce. Ta can ciki, kusa da bokitin shara, ta Ɗan Gayu ce, ƙanen matarsa, wanda aka kawo masa shekarun baya don ya bar zaman kashe wando. Yanzu Ɗan Gayu magidanci ne da 'ya'yansa, amma har yau wandonsa sai an haɗa da addu'a kafin ƙafa ta shiga.

Sumul bai yi nisa a boko ba. Tun yana aji, in malami ya juya yana rubutu a allo, shi ƙeyar malamin yake kallo yana tsara yadda zai daidaita ta. Ya fara sana'a da kujerar roba a gindin bishiya da madubin mota da ya tsinta, har Allah ya kai shi ga shago. Abin da ya tara masa jama'a tsafta ce. A gabanka zai ɓare sabuwar reza daga takardarta, ya ɗaga ta sama kamar shaida a kotu. Kilifa kuwa sai ya yi mata wanka da sifirit ya kyasta mata wuta, har ka ji tausayinta. Kuma yana da aƙida guda da ba ya sassautawa: duk abin da ya taso a kan fata ba da izini ba, reza ce alƙalinsa. Gashi ne, ƙurji ne, kanta ce, hukuncinsu ɗaya.

A cikin masu zama kujerarsa akwai wani da ba ya zuwa sai tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa daga benci, Ɗan Gayu ma ya fita neman abin sawa a ciki. Mai Faci ne na bakin mahaɗar titi, ƙaton mutum mai tafin hannu kamar shebur, wanda ba a taɓa ganin kansa ba hula ba. Hular ulu ce, a ja ta har wuya, ko da kwalta tana narkewa. Mutane sun ɗauka sanƙo yake ɓoyewa. Sumul kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashi: wani tabo ne a ƙeya, baƙi-baƙi mai kauri, samansa ɓawo fari-fari kamar busasshen siminti. Ba makero ba ne, ba amosani ba ne, waɗannan Sumul ya gan su har ya gaji. Duk zuwa sai ya kankare masa shi da sabuwar reza, a hankali, har ɗigo-ɗigon jini su fito kamar an tsittsira allura. Ya dangwala sifirit, Mai Faci ya cije leɓe ya damƙe hannun kujera, a barbaɗa hoda, a mai da hula. Kafin gashi ya sake tsirowa abin ya dawo, ya ƙara kauri, ya ɗan ci iyaka wajen kunne. A cikinsu ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Gashi ma ai dawowa yake yi, kuma ba a daina aski ba. Shekara da shekaru suna haka, Sumul bai taɓa faɗa wa ko matarsa ba. Mai aski yana ganin abin da hula ta rufe, in kuwa ya zama mai baki, ya gama yawo.

Na Sumul kuwa ya fara ne a shekarar da yayansa ya kwanta doguwar jinya, shi yana zirga-zirga tsakanin shago da asibiti, ba barcin kirki ba cin kirki. Ɗan wuri ne a gwiwar hannu, bai fi murfin kwalba ba. Ya juya hannun a madubi ya gane shi nan take, kamar yadda kake gane tarin maƙwabcin da ba kwa shiri. An ce wanzami ba ya son jarfa, to wannan dai bai tsaya jin tsoro ba. Ya ɓare reza ya yi wa kansa hukunci.

Abin ya tafi ya dawo da abokai. Ɗaya gwiwar hannun ta kama, ƙwauri ya kama, gadon baya ya kama, inda sai ya karkace kamar mai rawa kafin reza ta kai. Wata rana rezar ta zame ta ja masa layi a damtse, raunin ya warke, sai ga ɓawon ya bi layin tsaf kamar an ja da rula. Sumul ya ce ai ga hujja nan, rezar ce ke ɗaukar ƙwayar cutar tana shukawa a gaba. Sai ya koma canza reza a kowane tabo, ya ninka sifirit, ya sayo soso mai kaushi irin wanda ko gindin tukunya yana jin tsoronsa.

Kullum da safe matarsa sai ta kakkaɓe zanen gado ta share ɗaki, tana cewa in aka tara abin da yake zubarwa zai isa a yi wa bangon banɗaki shafe. Ta sha gaya masa cewa gado ɗaya suke kwana, tawul ɗaya yara ke ja da shi, ba wanda ya ɗauki komai, ya bar azabtar da kansa. Ya ce ita fatarta taurin kai ne da ita irin na mai ita. A zuciyarsa kuwa ya riga ya kama ɓarawonsa. Ƙeyar Mai Faci ce. Duk tsakar ranar da mutumin ya cire hula, Sumul yana kankara yana tsine wa ƙeyar a ciki, a baki kuma yana tambayar ya kasuwa.

Muddin abin yana ƙarƙashin riga, ba wanda ya sani. Ranar da ya sauko bayan hannu ya hau gaɓoɓin yatsu, ranar aski ya zo gaban goshi. Hannun mai aski a gaban idonka yake wuni. Yana riƙe maka haɓa, yana lanƙwasa maka kunne, kana ganinsa a madubi gida biyu. Wani ya zauna, ya ƙura wa yatsun ido, sai ya tuna ya bar ruwa a kan wuta. Wani ya ce ai gashin bai taru ba tukuna, alhali tsuntsu zai iya sheƙa a ciki. Sannu a hankali benci ya koyi sabon karatu. In Sumul ya kakkaɓe kujera ya ce wa ke biye, sai kowa ya sunkuya a kan waya kamar an aiko masa labarin rasuwa. Mutum biyar, shida, suna jiran Ɗan Gayu a lungun shara, kujerar bakin ƙofa tana shan iska ita kaɗai. Mutanen da ya yi wa askin farko suna kuka a cinyar iyayensu, su ne yau ke gaishe shi daga nesa da hannu a ƙirji.

Ya gwada safar hannu baƙa ta roba. Gumi ya taru a ciki, yatsu suka tsattsage, kuma ya daina jin kai. Mai aski da yatsa yake gani, in ka rufe masa yatsa ka mai da shi mai yankan ciyawa. Ya je kemis aka haɗa masa mayuka kala-kala a robar da ba suna. Abin ya kwanta kamar da gaske, har ya fara naɗe hannun riga yana fito. Man na ƙarewa ciwon ya taso da fushin wanda aka tasa daga barci. Wani mai talla da lasifika ya sayar masa da ruwan magani a jarka, wai yana ƙara wa garkuwar jiki ƙarfi ninkin ba ninkin. Ya shanye tas, bai ga komai ba sai hanyar banɗaki.

Matarsa ce ta gaji. Ta ɗauki mayafi wata safiya ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ko ya bi ta asibiti ko ta tsaya a nan har yara su dawo makaranta su tarar da su. Suka tafi yana gunaguni. Suka yi zaman benci, abin da shi ya saba sa wasu, har ƙugunsa ya sage kafin a kira su ɗakin likitar fata.

Likitar mace ce, 'yar siririya mai tabarau, gaban goshinta yana buƙatar gyara, abin da ya fara lura da shi ke nan. Ba ta ja da baya ba. Ta kama hannunsa ta jujjuya, ta duba farce, ta duba cikin gashi, ta sa ya ɗaga riga. Da ta zo kan layin damtse sai ta tsaya, ta tambaye shi me ya yanke shi a nan. Ya ba ta labari da alfahari, har da canza reza da soso da sifirit, yana jiran yabo. Ta tambayi sana'arsa. Da ya faɗa sai ta cire tabarau ta dafe goshi.

Ta ce sunan ciwon soriyasis, kuma ba ƙwayar cuta ce ta shigo daga waje ba, ba a ɗaukarsa, ba a ba wani. Ta ce a cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne masu gadin jiki, a cikinsu akwai wani rukuni da ake kira ƙwayoyin T. Aikinsu su gane baƙo su far masa. Nasa sun rikice, sun taru a fata suna ƙararrawa alhali ba ɓarawo. Suna aika saƙo suna kiran 'yan'uwansu, jini ya taru wurin ya kumbura, kuma suna matsa wa fata lamba ta yi ta ƙera sabuwa kamar an ji mata rauni. Aikin da fata kan yi a kusan wata sai ta yi shi cikin 'yan kwanaki, sabuwa ta turo kafin tsohuwa ta zube, su hau kan juna. Ɓawon ke nan. Wasu gadonsa suke yi, kuma damuwa ko wata jinya kan tashe shi.

"To ai shi ya sa nake cire shi," in ji Sumul.

"Malam, duk inda ka yanka, ka buga musu waya ne ka ce ga inda za su zo. Dubi layin nan. Kai ka zana musu hanya."

Matarsa ta yi wani ɗan tari wanda ya fi dariya ciwo. Bai kalle ta ba. Ya tambayi likita a wurin wa ya ɗauka ke nan. Ta ce ba kowa. Ya sake tambaya ta wata hanyar, ya ce a ce mutum ya daɗe yana taɓa mai irinsa. Ta ce ko shekara ɗari zai yi yana taɓawa. Ya tambayi allurar da za ta kashe abin gaba ɗaya. Ta ce ba a kashe masu gadi, in an kashe su wa zai tsare gidan, lallashinsu ake yi. Za ta ba shi mai na tausasa ɓawon ya zube da kansa, da wani na kwantar da ƙwayoyin, a shafa yadda ta tsara ba yadda ya ga dama ba. In bai ji ba akwai ƙwayoyin sha da allurai da ke rage musu zafin kai. Zai lafa, zai iya dawowa, zama da shi za a koya. Jarkar mai lasifika kuwa, ta ce ko da tana aikin da aka ce tana yi, wa ya ce a ƙara wa mahaukacin maigadi kulki?

Ya fito ransa a jagule. Shi da ya zo a nuna masa abokin gaba ya ji da shi, an ce masa abokin gabar a gidansa yake, shi ke ciyar da shi, kuma ba ya korarsa. Shekarun da ya yi yana tsine wa ƙeyar bawan Allah, ashe ƙeyar ba ta ci ba ta sha ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, duk duniya ba abin da ya iya kamar kankara, kuma ita ce aka ce kada ya yi.

Matarsa ta kwashe rezojin gida ta ɓoye, ta jefar da soson. Amma hana mai aski ganin reza kamar hana mai shayi ganin sukari ne. Yana zaune a shago ba aiki, ɓawo ya ɗago baki a gefen yatsa yana kiransa, ga fakitin reza a gaban madubi. Sai ya zauna a kan hannuwansa kamar yaron da aka yi wa faɗa. Mai ya yi ta shafawa safe da yamma har kilifa tana zamewa. Da tafiya ta yi tafiya kaurin ya ragu, tsagar yatsu ta rufe, amma tabon yana nan baƙi, kuma ido ba ya karanta takardar asibiti.

Ya yi ƙoƙarin wayar da kan benci. Ya tsaya a tsakiyar shago ya yi musu bayanin masu gadi da ƙararrawa, har da kwatance da mataji. Tela, wanda rabin wuninsa a bencin nan yake yi yana gudun masu zuwa karɓar ɗinki, ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya ce shi abu ɗaya ne bai gane ba: jikin da bai bar mai shi ba, su baƙi zai bari? Benci ya fashe da dariya. Sumul ma ya yi, irin wadda ba ta wuce haƙori.

Ɗan Gayu bai yi dariya ba, shi lissafi yake. Da yamma suna shara ya fara kewaye-kewaye, Yaya kaza Yaya kaza, aiki ya yi masa yawa, mutane na gajiya da jira suna tsallaka titi. Akwai wani abokinsa mai hannu, ba shi da wuri. Me zai hana Yaya ya huta, ya riƙa zama a waje yana sa ido a matsayinsa na babba, a ba abokin kujerar bakin ƙofa? Sumul ya jingina tsintsiya. Ya ce kujerar da ake zama a kanta ba ta mutu ba, kuma muddin akwai kai ɗaya da ke zuwa dominsa, ba mai taɓa ta. Ɗan Gayu ya ce to, Allah ya ƙaro kawuna. Su biyun sun san kai nawa ya rage. Ɗaya ne, mai hular ulu.

Ya kuwa zo, tsakar rana kamar kullum, yana warin taya da gam. Ya leƙa ya ga ba kowa, ya zauna ya tuɓe hula. Sumul ya rage gashin da almakashi, ya kewaye tabon a hankali, ya kakkaɓe. Mai Faci ya sunkuyar da kai yana jiran ƙarar takardar reza. Shiru. Ya ɗago ya kalli madubi.

Sumul ya ba shi labarin likita tun daga farko. Ya nuna masa layin damtse. Ya ce duk shekarun nan su biyu suna ta buga wa masu gadi waya, shi ya sa abin ya tashi daga tsakiyar ƙeya yana neman kunne. Ya ce zai raka shi asibitin da ƙafarsa. Mai Faci ya ji duka, sannan ya ce shi bai san wasu masu gadi ba, abin da ya sani shi ne ko faci ba ya kama roba sai an kankare wurin ya yi ja. Haka ya koya, haka yake ci da iyalinsa. In an kankare yana samun kwana biyu hula ta zauna daidai, ƙaiƙayi ya ragu, kuma shi wannan ya zo saya.

"Ni kaɗai na rage maka, Sumul. Kowa ya gudu, ni ban gudu ba. Ɗauko rezar."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi zafi. Hannun Sumul har ya kai kan fakitin. Aikin ɗan lokaci ne, ya iya shi ido rufe, kujera ta tsira, kowa ya tafi da fara'a. Ya kalli gefen tabon, inda rezarsa ta tsaya wancan zuwan, ya ga sabon ɓawo ya bi sawunta kamar ɗinki.

"Ba zan ƙara ba," ya ce. "Aski ko kullum. Wannan kuwa na daina."

Mai Faci ya fizge ƙyallen wuya ya yar a kujera. Ya ce ashe boko na kama mutum da tsufa. Ya ja hularsa har wuya ya fita, ko gashin kafaɗa bai tsaya an kakkaɓe masa ba.

Daga nan kujera ta koma wurin ajiye tawul. Sumul yana zuwa da sassafe, ya goge madubi, ya yi wa kilifa wankan sifirit, ya jera almakashi, ya zauna yana kallon titi. In ya hango Mai Faci can a mahaɗa yana dukan taya, sai mutumin ya juya baya. A gida ba a yi masa magana sau biyu. Matarsa ta ce in ya ci gaba da cin rai haka masu gadin nasa za su sake tashi, ya ce su tashi mana, ai su kaɗai ne ba su guje shi ba. Suka kuwa ji, sabon tabo ya fito a bayan kunne. Ɗan Gayu ya daina kewaye-kewaye, ya ce abokin zai zo ranar hutun ƙarshen mako ya ga wuri, gani kawai, Yaya kada ya ɗauka da zafi.

Da ranar ta zo shago ya cika, benci ba masaka tsinke, har wasu na tsaye a waje. Abokin ya iso da jakarsa a kafaɗa, ya gaida Sumul da ladabin da ya fi zagi, idonsa yana auna kujera. Ɗan Gayu ya kashe kilifa ya fara gyara murya. Sai haske ya ragu a bakin ƙofa.

Mai Faci ne, a lokacin da bai taɓa zuwa ba. Bai yi wa kowa sallama mai tsawo ba. Ya ture tawul ɗin gefe ya zauna, kujera ta yi ƙara. Ya ɗan jima yana kallon kansa a madubi, sannan ya sa hannu ya zare hular a gaban kowa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Benci ya zuba ido. Abin ya haura har bayan kunnuwa biyu, ya yi jajir a gefe, ga sawun karce layi-layi kowanne da ɓawonsa. Yana kallon madubi ya faɗi abin da ya faru, ba tare da an tambaye shi ba. Ya je wani shago a wata unguwa, mai askin na ganin ƙeyar ya yi salati ya nuna masa ƙofa, har da fesa turare a kujera. Sai ya koma rumfarsa ya yi wa kansa da abin da yake kankare roba da shi. Ga sakamako.

Tela ya matsa can ƙarshen benci. Ya ce, ba da ƙarfi ba amma yadda kowa zai ji, to ga shi nan dai, an shafa wa bawan Allah.

Mai Faci bai ko juyo ba. "Ciwon nan nawa ya girmi auren Ɗan Gayu. Tun hannun mutumin nan yana kamar na jariri yake taɓa shi. Kai kuma da ka fi kowa zama a bayana a bencin nan, duba jikinka, me ka samu ban da tumbi?"

Aka yi 'yar dariya, amma ba wanda ya motsa daga layin Ɗan Gayu. Wani ma ya tashi a hankali ya tuna da ruwan da ya bari a kan wuta. Sumul ya ga fitarsa ta madubi. Ya warware ƙyalle ya ɗaura wa Mai Faci sako-sako don kada ya goge wurin. Ya kalli abokin Ɗan Gayu, wanda har yanzu jakarsa ke kafaɗa, ya ce masa in aski ya zo ya samu wuri a benci, akwai mutum a kujera.

Ya ɗauki almakashi da mataji. Aikin ya ci lokaci, don sai ya ɗaga gashi tsinke-tsinke ya yanke ba tare da ƙarfe ya taɓa fata ba, ga yatsu na santsin mai, ga ɓawo na ɗago baki yana kiran reza, fakitin kuma na nan a gaban madubi inda yake kullum. Yana yi yana gaya wa Mai Faci cewa jibi da sassafe za su je wurin likitar, ya zo da haƙuri don benci ne zai ci ƙugunsa, kuma kada ya sa ran za a ce masa ya warke. Mai Faci ya ce in ta ce kada a kankare roba ma, tashi zai yi.

Da ya gama ya kakkaɓe kafaɗun, hannunsa ya tafi da kansa kamar yadda ya saba. Bayan hannu ya shafi ƙeya, kaushi ya gamu da kaushi. Ya ja da baya ya tsaya. Mai Faci yana jiransa a madubi, Tela ma ya miƙo wuya.

"Faɗi mana," in ji Mai Faci.

Sumul ya kalli ƙeyar, ya kalli yatsunsa, ya kalli bencin da ke jiran lungun shara.

"Da saura," ya ce. Ya kakkaɓe kujera ya juya. "Wa ke biye?"

Kowa ya sunkuya a kan waya.